Daga Kan Tabarmar Asusu: Abin da Uwa Ta Shaƙa, Ɗan Ciki Ma Ya Shaƙa

Ƴan'uwana mata na Maraɗi da Damagaram da Tawa da Yamai, da duk inda wannan takarda ta iske ku.  Da fatan zubi na tafiya daidai, masu bashi kuma suna biya kan lokaci ba sai an kai ga tara ba. Wadda ta iya karatu ta karanta wa sauran da ƙarfi kamar yadda muka saba, in da hali ma a bar maigida ya jiyo ta bayan darni, don maganar yau ta shafe shi.

A watan jiya na yi alkawarin za mu yi lissafin riba da rabon ƙarshen shekara. Ku yi mini haƙuri, wani abu ya faru a ƙungiyarmu da ya hana ni barci, shi zan fara kawo muku.

Ranar wata Laraba muna zaune kan tabarma, mai ajiya ta buɗe akwati, ana kiran suna, sai aka zo kan ƙaramar cikinmu. Ba ta zo ba, ƙanwar mijinta ce ta kawo zubinta. Ba zan faɗi sunanta ba, ɗiya ce a wurina. Muka tambaya, aka ce ta kuma yin ɓari, na uku ke nan cikin shekara biyu. Da yamma na je duba ta. Tun daga zaure na jiyo uwar mijin tana faɗi wa maƙwabta wai cikin yarinyar ba ya riƙe ɗa, wata na cewa iska ce, wata na cewa a bincika ko an sa mata hannu. Har an fara zancen a nemo wa yaron wata. Ita kuwa tana kwance ta juya fuska ga bango. Da ta gan ni sai ta ce, "Inna, mi na yi wa Allah?"

Da ta ɗan ji ƙarfi na ɗauke ta muka tafi likita. Ungozomar ta auna jininta, ta auna hawan jini, ta duba zazzaɓin cizon sauro. Sannan ta ja kujera ta shiga tambayoyin da ban taɓa jin an yi wa mai ɓari ba. A ina kike girki? Da mi kike hura wuta? Ina kuke ajiye wake? Wa ke wanke kayan maigida in ya dawo daga feshi?

Amsar da yarinyar ta bayar kowaccenmu ta san ta. Ƙosai take soyawa na sayarwa, safe da yamma, cikin wani ɗan ɗaki marar taga saboda iska da ƙura. Da leda take kama wuta, don icen ɗanye ne. Buhunan wakenta guda huɗu suna cikin ɗakin da take kwana, an zuba musu piya-piya kada ƙwari su ci. Mijinta ma'aikacin garka ne, yana feshi da gajeren wando ba takalmi, ita ke wanke kayan da hannunta. Ungozoma ta dube ni ta ce, "Hajiya, ba zan rantse miki cewa wannan ne ya zubar da cikin ba. Jininta ya yi ƙasa ƙwarai, shi za mu fara gyarawa. Amma duk abin da ta lissafa kaya ne a kan ɗan da ke ciki, kuma kaya ne da ku da kanku kuna iya sauke shi."

Jikina ya yi sanyi. Kuɗin da ta sayi waken nan daga akwatinmu suka fito, ni na sa hannu a littafi. Na tambaye ta yaushe za ta biya, na tambaye ta riba nawa take samu a tiya. Ban tambaye ta ina za ta ajiye waken ba, kuma da mi.

Tun daga ranar nake bin ungozomar nan da wani malamin gona da tambaya, ina kuma karanta abin da ya zo hannuna. Ga abin da na tattaro.

Ɗan ciki ba ya numfashi da hancinsa, ba ya ci da bakinsa. Komi nasa ta mabiyiya da cibiya yake zuwa, daga jinin uwa. Mabiyiya tana tace wasu abubuwan, amma akwai guba da ke wuce ta kamar yadda ruwa ke wuce rariya. Watanni ukun farko kuwa su ne ake ƙera zuciya da ƙwaƙwalwa da gaɓoɓi, lokacin da sau da yawa mace ba ta ma faɗi wa kowa tana da ciki ba, balle a rage mata aiki.

Mu fara da hayaƙi, tunda shi ne abokin zamanmu tun muna ƴammata. Cikin hayaƙin ice da kara da kashin shanu da gawayi akwai wata iska mai guba da ba ta da launi ba ta da wari, masana na kiranta kabon monoksid. Jini ya fi kama ta fiye da iskar da muke rayuwa da ita sama da sau 200. In ta hau jini sai ta tare wurin iska mai kyau, uwa ta ji ciwon kai da jiri, ta ce gajiya ce. Ɗan ciki kuwa ba ya da tagar da zai buɗe. Akwai kuma ƙurar hayaƙin, mai laushin da ido ba ya gani, wadda ke shiga can cikin huhu. Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 hayaƙin cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutum kusan miliyan 3.2 a duniya. Ga masu ciki, an tabbatar yana daga cikin abin da ke sa a haifi jariri da bai kai kilo 2.5 ba, kuma yana ƙara haɗarin haihuwar ɗa ba rai. Ku tuna yadda bangon madafarmu ke yin baƙi ƙirin cikin shekara ɗaya. Iskar da ta yi wa bango haka ita muke ja.

Leda ta fi ice sharri. Na san dalilin da ya sa muke kama wuta da ita, tana ci da sauri ko da damina, kuma kyauta ce. Amma hayaƙin roba da leda da tsohuwar taya yana ɗauke da guba da ke maƙalewa cikin kitsen jiki shekara da shekaru. Haka juji in an cinna masa wuta a bakin ƙofa, haka babbakar kai da ƙafa da taya ranar sallah. Tun 2014 ƙasarmu ta yi dokar hana irin ledar nan marar kauri, amma ku dubi itatuwan bayan gari ku faɗa mini. Sai kaskon rushi da muke shigarwa ɗaki lokacin ɗari, mu rufe ƙofa mu toshe taga da tsumma, musamman ɗakin mai jego. Wannan kan kashe mutum cikin barci ba ko tari.

Na biyu maganin ƙwari. Piya-piya da ake sayarwa cikin ƴan kwalabe ba takarda ba suna, guba ce mai ƙarfi da aka yi don ƙwari, kuma tana shiga jikin mutum ta hanci, ta baki, ta fata. Mu kuwa mun maishe ta maganin komi: sauro, kuɗin cizo, ƙwarin wake, har ƙwarƙwatar kan yara, wa'iyazubillahi. Bidon ɗin maganin feshi in ya ƙare mu ɗauraye mu zuba mai ko ruwan sha. Ɗauraya ba ta fitar da shi daga roba. Bincike a ƙasashe da dama ya nuna matan da ke yawan mu'amala da magungunan feshi sun fi fuskantar ɓari da haihuwar bakwaini.

A nan nake son maigida ya matso kusa da darni. A wurinmu in haihuwa ta yi jinkiri mace ake kallo, ita ake kira juya, ita ake yi wa kishiya. To ga wani labari na gaskiya. A 1977, a wata masana'antar maganin ƙwari da ke jihar Kalifoniya ta Amurka, ma'aikata maza suna hira tsakaninsu sai suka lura an daɗe ba a yi wa kowa haihuwa ba. Aka auna su, aka iske maniyyin da yawansu ya ragu ƙwarai, wasu ma babu ƙwayar haihuwa ko kaɗan. Maganin da ake kira DBCP ne ya yi musu haka. Daga baya dubban masu aikin gonakin ayaba a Kosta Rika da maƙwabtanta suka kai kuka kan irin wannan. Matsalar a jikin mazan take. Da a garinmu ne, sau nawa za a yi saki kafin wani ya ce a auna namijin? Dalma ma, wadda zan yi magana a kanta yanzu, tana raunana ƙwayar haihuwar namiji. Saboda haka in an shekara ana nema ba a samu ba, mutum biyu ya kamata su je likita.

Na uku dalma. Mutanen Maraɗi ba sai an yi muku nisa ba, Zamfara ce nan kudu da mu. A 2010 likitocin MSF suka lura da yawan sababbin kaburburan yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Ƴargalma da Bagega. Yara aƙalla 400 suka rasu. Mi ya faru? Maza suna haƙo dutsen zinariya su kawo gida. Dutsen yankin yana cike da dalma. Ana niƙa shi a injin niƙa, mata suna daka shi a turmi tsakar gida, suna shanya garin inda yara ke rarrafe. Ba wanda ya yi da mugun nufi, abinci ake nema. Sai da aka kankare ƙasar gidajen aka zubo sabuwa. Irin haka ta faru a wata unguwa ta bayan Dakar ta ƙasar Senegal tsakanin 2007 da 2008, inda yara 18 suka rasu. Can an daɗe ana fasa tsofaffin batiran mota, sai mata suka shiga tankaɗe ƙasar wurin a gidajensu suna fitar da dalma suna sayarwa. Sana'ar mata ce irin tamu, da goyo a baya.

Abin tsoro ga dalma shi ne ba ta fita da sauƙi. Jiki yana ɗaukarta kamar sinadarin gina ƙashi, ya ajiye ta cikin ƙashi shekaru da yawa. Ranar da mace ta ɗauki ciki, jiki ya fara ɗebo abin gina ƙashin ɗa daga nata, sai dalmar ta fito tare ta bi cibiya. Wato wadda yarinya ta haɗiya tana ƴar shekara goma tana iya isa ga ɗan farinta. Tana jawo ɓari, bakwaini, hawan jini ga mai ciki, tana kuma rage kaifin ƙwaƙwalwar yaro, kuma wannan ba ya gyaruwa. OMS ta ce babu wani mizanin dalma a jini da za a ce ba shi da illa. A ina muke gamuwa da ita? Batirin mota da na sola in ya mutu aka fasa shi a gida. Ƙasar da wasu masu ciki ke kwaɗayin ci. Sai kwalli. Na san wannan zai yi wa wasu zafi, ni ma da shi aka raine ni. Amma baƙin dutsen nan mai walƙiya da ake niƙawa a yi kwalli da shi, dutsen dalma ne. Mu sa wa jariri a ido, ya murza da hannu, ya kai baki.

Na huɗu zaiba, wadda masu haƙar zinariya ke kira merkur. Tun da zinariya ta bayyana a Jado a 2014, sannan a yankin Ɗan Isa a 2021, gida nawa ne a cikinmu ba ya da ɗa ko miji ko ƙane a ramin haƙa? Mun yi kukan mutum aƙalla 18 da rami ya rufta wa a Garin Liman cikin Nuwamban 2021, don wannan mutuwa ce da ido ya gani. A wuraren haƙa da yawa ana kama zinariya da zaiba, sannan a ƙona dunƙulen, zaibar ta tashi ta bi iska a bar zinariya. Tururin ba ya da wari. In a ɗaki aka ƙona, ko a murhun girki, yana maƙalewa a bango da tufafi. A garin Minamata na ƙasar Japan, inda aka gano cutar a 1956 bayan wata masana'anta ta daɗe tana zubar da zaiba cikin teku mutane na cin kifin, an ga uwayen da ba su nuna wata alamar ciwo sosai ba suna haifar yara da ƙwaƙwalwarsu ta lalace tun a ciki. Uwa ta tsira, ɗa ya ɗauka. Kuma ƴan'uwana, wasu daga cikin mayuka da sabulan sauya launin fata da ake kawo mana suna ɗauke da zaibar nan. Amarya ta shafa wata uku kafin biki don ta yi haske, wata na huɗu ga ciki.

Kada wata ta ji wannan ta ce to duk ɓari daga hayaƙi ne. Zazzaɓin cizon sauro, ƙarancin jini, hawan jini, ciwon sanyi da ba a yi magani ba, ciki kan ciki ba hutu, da ɗaukar ciki tun jiki bai ƙosa ba, su ne har yanzu manyan masu yi mana ɓarna. Wani cikin kuma yakan zube ba laifin kowa. Awon ciki tun da wuri, gidan sauro, da ƙwayar ƙarin jinin da ake ba mu a likita, ba abin da ke maye gurbinsu. Ƙwayar nan ma tana da amfani biyu, don jikin da jini ya yi wa ƙaranci ya fi saurin zuƙar dalma. Haka nono da miyar kuka da zogale, suna ba jiki abin gina ƙashi, ba sai ya yi ta kwasowa daga ƙashin uwa ba. Haihuwa ta Allah ce, mun yarda. Shi ne kuma ya ba mu hankalin da muke kawar da yaro daga bakin rijiya.

Laraba ta zagayo na kai maganar kan tabarma. Ba ta yi daɗi ba. Wata yayarmu da ke sayar da piya-piya a ƴan kwalabe ta miƙe ta gyara ɗaurin zane ta ce, "Shugaba, da wannan nake biyan zubina, da shi nake sayen sabulu. Ke za ki ciyar da ni?" Gaskiyarta ce, ban da amsa nan take. Wata ta ce gaz na masu albashi ne. Wata ta ce in ta ce wa maigidanta ya tuɓe kayan feshi a garka zai ce ta raina shi. Sati uku muna kai da komo kafin muka tsaya kan abu biyar, magatakarda ta rubuta a bayan littafi.

Na ɗaya, duk wadda ta ɗauki bashi don ajiyar wake, cikin bashin akwai kuɗin buhun PICS. Wanda bai san shi ba, buhu ne mai riɓi uku, leda biyu masu kauri a ciki, buhun saƙa a waje. Ki shanya wake ya bushe sarai, ki zuba, ki matse iska, ki ɗaure kowane riɓi dabam. Ƙwari su rasa iska su mutu, ba ko ɗigon magani. Masanan jami'ar Purdue ta Amurka ne suka fito da shi tare da masu binciken gona na Afirka, cikinsu har da na INRAN a nan Maraɗi. In bai huje ba yana sake aiki baɗi. Yayarmu mai piya-piya muka ba jari ta riƙa saro mana shi, ta kuma sayar wa na waje. Ta karɓa tana gunaguni, amma ta karɓa.

Na biyu, mun buɗe ɗan adashen murhu, ban da zubin kullum. Wadda ta kwasa ta sayi murhun ƙarfe irin Mai Sauƙi, ko ta haɗa ta yi kuɗin tukunyar gaz mai kilo 6. Mai ciki ita ke fara kwasa. Murhun ƙarfe yana rage cin ice, amma ba ya kashe hayaƙi duka, don haka girki a fili ko ƙarƙashin rumfa, da busasshen ice, da murfi kan tukunya.

Na uku, ba leda a murhu. Wadda aka kama ta biya tara irin ta makara. Tsakuwar gawayi, ɓawon gujiya, busasshen kara, duk suna kama wuta.

Na huɗu, mai ciki ba ta feshi, ba ta wanke kayan feshi, ba ta kwana da buhun da aka sa wa magani. Namiji ya yi wanka da sabulu, ya sauya kaya kafin ya ɗauki yaro ko ya sa hannu a akushi. Dutsen zinariya da zaiba da mataccen batiri ba su shigowa gida. Wannan ba mu kai wa maza da kanmu ba, mun bi ta wurin mai unguwa da liman, kun san yadda ake yi.

Na biyar, kuɗin taimakon da muke warewa don suna da rasuwa, yanzu yana biyan kuɗin kabu-kabu zuwa awon ciki ga wadda ba ta da shi. In mun iya haɗa kuɗin gaisuwa, mun iya haɗa na rigakafi.

Tun da aka fara Mata Masu Dubara a Maraɗi a 1991, abin da ya riƙe mu shi ne kowacce ta san halin da ƴar'uwarta ke ciki. Mun iya tambayar jari nawa, riba nawa, yaushe za a biya. Ina roƙon kowace shugaba da kowace mai ajiya ta ƙara tambaya ɗaya kafin ta miƙa kuɗi: sana'ar nan mi take sa ki shaƙa, mi take sa ki taɓa? Ni na makara da tambayar sau ɗaya, ba na son ku makara.

Ɗiyar tawa tana shan ƙwayar ƙarin jini, ungozoma ta ce ta huta wasu watanni kafin wani cikin. Kaskon ƙosanta ya koma ƙarƙashin bedi a ƙofar gida, ciniki ma ya fi. Mijin ya yarda zai raka ta likita, da ƙyar, bayan kawunsa ya sa baki. Uwar mijin har yanzu ba ta sauko ba. Ku sa yarinyar nan cikin addu'a.

Ƴan'uwana na Galmi da Jiratawa masu albasa da kayan garka, da na Damagaram, ku aiko mana yadda kuke yi da naku ta hannun mai kawo takarda. Wata mai zuwa in Allah ya kai mu, lissafin riba, ba fashi. Allah ya sauki masu ciki lafiya, ya ba masu nema, ya raya mana abin da muka haifa. Amin.